Inda Ake Ɗaga Filafili

Sunusi na Ɗangora ya ci amanar abokinsa. Ya ɗauki rawar da ba shi ya tsara ba, ya kai ta Kano, ya tsaya gaban alƙalan gasa ya rantse da Allah cewa daga kansa ta fito. Masu cewa ai rawa ba akuya ba ce balle a ce an sace ta, ba su san sata ba. Ɓarawon akuya yakan laɓe don yana jin kunyar idon mutane. Wannan kuwa a bainar jama'a ya yi tasa, ana tafa masa, yana rusunawa yana godiya.

Mai rawar Hafizu ne, ɗan masunta a Tiga. Kakanninsa mutanen Rafin Marke ne, ƙauyen da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi aka yi dam. An kwashe su an zuba su a kan tudu, manoman dawa suka wayi gari suna koyon jifan birgi, wato tarun da ake jefawa a kama kifi, da noman rani. Hafizu bai taɓa ganin Rafin Marke ba, ko ubansa ma a goye aka fito da shi daga can. Amma ya san inda kasuwar garin take, ya san inda masallaci yake, don tun yana ƙarami yake bi ta kansu a kwalekwale.

Rawa ce sana'arsa. Ya fara da 'yan koroso na unguwa, ya tafi birni ya yi shekaru a hannun masu tsara rawar dandali, sannan ya dawo gida ana ɗaukarsa biki da taro, wani lokaci mawaƙa su kira shi ya tsara musu takun da za a ɗauka a bidiyo. A birnin ya haɗu da Sunusi. Sunusi ɗan mahauta ne, jikinsa kamar roba, ƙafarsa ba ta kuskure, abin da aka nuna masa nan take ya kwashe shi. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne ya ƙago nasa. Da yake mahauci da masunci abokan wasa ne, tsokana ta haɗa su, har ta kai ɗaki ɗaya suke haya, kwano ɗaya suke sa hannu.

A rediyo Hafizu ya ji sanarwar Gasar Sabon Taku, yana zaune a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Wata ƙungiyar masu wasan dandali ce ta shirya ta a Kano, kuma shugabar alƙalai, Hajiya Badiyya, ita ta zo da bakinta ta bayyana ƙa'idoji. Muryarta ba ta da wasa. Ta ce gasar ta waɗanda rawa ce abincinsu ce, ba ta 'yan koyo ba. Maza su fito su kaɗai, mata su kaɗai, kowa da suturar mutunci. Rawar da za a kawo ta zama sabuwa dal, wadda ba a taɓa nuna wa taro ba, ba a kuma taɓa ɗora ta a intanet ba. Wanda ya tsara ta shi zai zo da ƙafarsa ranar tantancewa, ba aike ba wakili, ya rantse tasa ce, ya faɗi inda ya samo ta. Wanda ya yi nasara yana da kofi, yana da gurbin ƙaro ilimin rawa a ƙasar waje.

"Amma akwai wajibi a kansa," in ji Hajiya Badiyya. "Ba za mu miƙa masa komai ba sai ya ɗauki rawar ya kai ta wurin mutanen da ya ce daga rayuwarsu ya tsamo ta, ya taka ta a gabansu muna kallo, kamar yadda ya taka ta a Kano. Ba ƙari, ba ragi. Mun gaji da masu shiga ƙauye su ɗebi abin mutane su kawo birni, masu abin ba su ma sani ba."

Hafizu ya ajiye taru. Ya daɗe da wata rawa a ransa, wurin da zai sauke ta ne bai samu ba sai yau.

Masuntan da suka fito daga Rafin Marke suna da wata al'ada. In kwalekwale ya bar gaɓa ya nausa, yakan bi ta kan tsohuwar kasuwa, ya kauce wa kututturen kukar nan mai cin taru, sannan ya iso wani wuri da ido ba ya bambanta shi da sauran ruwa. A nan kowa yakan daina tuƙi, ya ɗaga filafilin tuƙinsa sama, ruwa na ɗiga daga bakin filafilin. Mai waƙa ya yi shiru, mai rediyo ya kashe. A yi wa na ƙasa sallama a hankali, a bar jirgin ya sulale da kansa har ya wuce. Maƙabartar garin ce a ƙarƙashi. An kwashe rayayyu, ba a kwashe matattu ba. Ba a jefa birgi a wurin, komai yunwa, komai yawan karfasar da aka ga tana wasa. Ba wanda ya kafa wannan doka, kuma ba a cika maganarta a tudu ba. A cikin jirgi ake koyonta, ranar da uba ya dafe hannun ɗansa ya hana shi tuƙi.

Wannan tafiyar ce Hafizu ya mayar rawa. Yana bukatar jikin da zai gwada takun a kansa kafin ya tara 'yan rawarsa, sai ya kira Sunusi. Saboda ƙa'idar da ta hana nuna wa taro, a wani tsohon ɗakin ajiyar albasa da ke bayan gidansu suke gwaji da hantsi, ƙofa a rufe. Ba mai shiga sai Turai, kakar Hafizu ta wajen uba, don ɗakin nata ne, kuma ba a haifi wanda zai kore ta daga ciki ba. Takan zauna a kan turmi da carbinta tana kallonsu.

"Maigida," ta ce wa jikan nata, "yanzu da wannan tsalle-tsallen za ka ciyar da ni?"

"Ke dai ki zuba ido, uwargida. In na ci kofin nan a ciki zan dama miki fura."

"Kofin da ba shi da marfi? Riƙe abinka, ina da ƙwaryata."

Sunusi ya kwashe takun kamar yadda ya saba. Tura jirgi daga gaɓa, tuƙin da ke karya kafaɗa, ratsa kasuwa inda hannu ke yin ciniki ƙafa na tuƙi, kauce wa kuka da jiki ya karkace gefe ɗaya. Duk ya iya. Yana yi yana ɗauka da wayarsa don ta fi ta Hafizu kyan hoto. Sai suka zo tsakiyar ɗaki, inda Hafizu ya zana da'ira da gawayi.

"In an zo nan kowa ya ɗaga filafili," in ji Hafizu. "Ganga ta tsaya. Ba motsi."

"Har yaushe?"

"Har sai mai kallo ya fara jin nauyin shirun."

"Kai ɗan kifi, a gasa za ka dasa mutane kamar turaku? Alƙalai za su ɗauka mun manta taku ne."

"Ba za su ɗauka ba."

"To mene ne a wurin?"

Hafizu ya dubi kakarsa. Idonta na kan da'irar, carbin ya tsaya a hannunta.

"Ba a tudu ake faɗa ba," ya ce. "Gobe ka biyo ni ruwa in nuna maka."

"Ni? A jirgin nan naku mai kama da akushi? Ruwan da na yarda da shi na randa ne, kai mai ƙarnin kifi. Shi ma sai na leƙa."

Aka yi dariya, har da Turai. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Sunusi bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba, bai kuma sake tambaya ba.

Ana dab da ranar tantancewa motar tumatir ta goge babur ɗin Hafizu a hanyar fita Tiga. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Aka kai shi wurin wani maɗori a Kiru, ya ɗaure ƙafar da karan ɗori, ya ce in yana son ya sake takawa daidai, kada ya bari ta taɓa ƙasa sai ya ba shi izini. Sunusi ya zo dubiya da ƙunshin balangu mai zafi, ya zauna a bakin tabarma yana jajantawa.

"Ka je ka gaya musu abin da ya same ni," in ji Hafizu. "In za su yi mini uzuri, to. In ƙa'ida ta hana, mu ajiye ta sai baɗi. Rawa ba tumatir ba ce, ba ta ruɓewa."

"Ka bar mini komai, mutumina. Kai dai ka ci nama ka warke."

Sunusi ya je Kano. Bai ambaci karaya ba, bai ambaci Hafizu ba. Ya ba da sunansa, ya ɗaga hannu ya rantse, ya ce daga rayuwar masuntan Tiga ya samo rawar. Ya koma Ɗangora ya tara samari daga can da ƙauyen Ba'awa, ya sa kafinta ya sassaƙa musu filafilai. Tun daga nan in Hafizu ya kira, waya ta yi ta ringi har ta gaji.

Hafizu ya dawo gida yana dogara sanda lokacin da rediyon da ya kawo masa labarin gasar ya kawo masa sakamakonta. Sunusi na Ɗangora ya zo na ɗaya da rawarsa mai suna Masunta. Za a nuna ta a bakin dam ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar, a nan za a miƙa kofi.

Turai, da ke tankaɗe a tsakar gida, ta tsayar da rariyar.

Hafizu ya nemi lambar Hajiya Badiyya ya kira ta. Ya gaishe ta da ladabi, ya kwashe labari tun daga ɗakin albasa har gidan maɗori. Ta saurare shi ba ta katse shi ba.

"Wa ya ga kana tsara ta?" ta tambaya.

"Kakata, ranki ya daɗe."

"Kaka ba ta ƙaryata jikanta. Sai wa?"

"Babu. Ku kuka ce kada a nuna wa kowa."

"Bidiyon gwaji fa?"

"Yana wayarsa."

"Malam Hafizu, duk shekarar da aka yi gasa sai wani ya kira ni ya ce an sace masa. Wani gaskiya yake faɗa, wani hassada ce. Ba ni da ma'aunin da zan auna murya a waya. Shi ya rantse, kai ba ka da shaida. Ranar Asabar muna garinku. In kana da abin nunawa, ka zo."

Ƙa'idar da ya kiyaye ita ce ta bar shi ba shaida. Ya zauna da wannan a ransa har yamma, lokacin da wani maƙwabci ya turo masa bidiyon wasan ƙarshe na Kano, yana ta murna an ambaci Tiga.

Ya buɗe. Ga rawarsa nan a jikin baƙi. Ga tura jirgi, ga kasuwa, ga kauce wa kuka, ko taku ɗaya ba a canja ba. Samarin suka iso tsakiyar dandali, suka ɗaga filafilai sama gaba ɗaya, ganga ta tsaya. Shirun bai yi nisa ba sai ganguna suka ɓarke gaba ɗaya, Sunusi ya fito da gudu daga bayan sahu, ya yi alkafura ta ƙarƙashin filafilan, ya dira a tsakiya, ya warware birgi daga kafaɗa ya jefa shi sama. Birgin ya buɗe kamar laima ya sauka daidai gurbin da Hafizu ya zana wa da'irar gawayi a gwaji. Zauren ya ɗauki tafi da sowa.

Shi ke nan abin da Sunusi ya ƙago da kansa a duk rawar. Ya ga wuri ba kowa, ya ɗauka gurbi ne da aka manta ba a cike ba.

Hafizu ya kife wayar. Abu na farko da ya zo masa daɗi ne, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Ga shaidar da Hajiya ke nema, ɓarawo ya kawo ta da kansa. Ba abin da zai yi sai ya yi shiru har Asabar, ya bar Sunusi ya jefa birgin nan a gaban mutanen Rafin Marke. Sai ya ɗaga kai ya ga Turai tana alwala a bakin rariya. Uwarta tana ƙarƙashin ruwan nan. 'Yarta ta fari, wadda ba ta kai yaye ba, tana can. Ranar Asabar za a shimfiɗa mata tabarma a sahun gaba, ita da sauran tsofaffin da suka rage, su kalli ana kaɗa ganga ana jifan kifi a kan kabarin iyayensu, kuma da takun da shi ya tsara.

Washegari da safe ya sa aka ɗora shi a bayan babur, ƙafar a miƙe, aka kai shi Ɗangora. Ya tarar da Sunusi a filin makarantar firamare yana gwaji da samarinsa. Da Sunusi ya hango shi sai ya sallame su, ya taho yana share gumi, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Ɗan kifi, kai ne da ƙafa uku? Ai da ka aiko na zo."

"Na kira ba ka ɗauka ba."

"Hidima ce ta yi yawa, wallahi. Ina nan ina shirin zuwa in yi maka bayani."

"Ba bayani na zo nema ba, Sunusi. Ba kuma kofi na zo nema ba. Jifan birgin nan na zo ka cire."

Murmushin ya ɗauke. "Don me?"

"Maƙabarta ce a wurin. Abin da na ce ka biyo ni ruwa in nuna maka ke nan. Inda ake ɗaga filafili, kaburburan mutanenmu ne a ƙasa. Ba a jifa a nan, ba a kiɗa. Duk wanda zai zauna gabanka ranar Asabar ya san haka."

Sunusi ya dube shi, ya dubi sandarsa, sannan ya yi 'yar dariya.

"Sai yanzu maƙabarta ta tsiro? Watanni muna gwaji ba ka faɗa ba, sai da ka ga jifan nan ne ya ci gasa?"

"Na rantse maka da Allah."

"Ni ma na iya rantsuwa."

"Na ga alama."

Can a gefen fili samarin na wasa da filafilai kamar 'yan takkai.

"Ka san ƙa'ida," in ji Sunusi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ƙari, ba ragi. In na cire taku ɗaya sai Hajiya ta tambaye ni dalili. In ce mata me? In ce ban san abin da ke cikin rawata ba? Ka zo ne ka sa in tona wa kaina asiri da bakina."

"Ka ce mata dattawan Tiga ne suka roƙa. Ni zan je in samu Sarkin Ruwa ya tsaya maka. In ka cire, ba zan sake cewa tawa ce ba. Ka riƙe kofin, ka tafi ƙasar wajen. Kakata kawai nake so kada ta ga wannan abu."

Nan ne Allah ya buɗe wa Sunusi ƙofa, ya ƙi shiga. Wanda ya saba cin amana ba ya yarda akwai mai riƙe ta. Ya auna Hafizu da mudun kansa, ya ga in shi ne ba zai taɓa sakin kofi saboda wata tsohuwa ba, don haka lalle tarko ne.

"Ka gaida gida," ya ce. "Ka kula da ƙafar nan, kada ta goce."

Da Hafizu ya koma, ya roƙi Turai kada ta je kallo ranar Asabar. Ya ce akwai rana, akwai cunkoso.

"Rawar mijina za a taka a ƙofar gidana ka ce in zauna a ɗaka?" ta ce. "Ko an sace ta ai na san fuskarta."

Haka ya ƙyale ta, bai gaya mata maganar birgin ba.

Ranar Asabar aka share fili a bakin dam, aka kafa rumfa. Hajiya Badiyya da sauran alƙalai suka zauna a kan kujeru, kofin na kan tebur an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Sarkin Ruwa, Malam Ɗantani, ya zauna a tsakiyar dattawa. Mata suka yi nasu gefen, Turai a gaba. Masu noman rani suka baro fadama da taɓo a ƙafa, ma'aikatan gidan ruwa suka tsaya a baya. Hafizu ya jingina da wata bishiyar darbejiya daga gefe, inda yake iya ganin fuskar kakarsa.

Ganga ta tashi. Samarin suka tura jirgin da babu shi, suka shiga tuƙi. Ba a jima ba mutane suka gane hanyar.

"Ga kasuwa nan," wani tsoho ya ce. "Wallahi ga kasuwa."

Da jikin samarin ya karkace gefe ɗaya aka yi dariya, wani ya ce kukar nan ta ci masa taru ya fi a ƙirga. Malam Ɗantani yana gyaɗa kai. Hafizu ya ji abin da ya tsara yana shiga mutanensa kamar yadda ya yi fata, ya kuma san abin da ke tafe.

Samarin suka iso tsakiya. Filafilai suka tashi sama. Ganga ta tsaya.

Filin ya yi tsit, irin shirun da ba a umarci kowa da shi ba. Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani mai sayar da rake ya ajiye wuƙarsa. Leɓuna suka fara motsi, sallamar da ake yi wa mazauna kabari ta fara bin sahu a hankali, daga maza har mata. Turai ta haɗa hannuwanta biyu a ƙirji.

Ba su kai ƙarshen sallamar ba ganguna suka ɓarke. Sunusi ya fito da gudu, ya yi alkafura, ya dira, ya jefa birgi. Ya buɗe da kyau, ya sauka a tsakiya. Sunusi ya tsaya da hannu a sama yana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Makaɗan suka ci gaba kaɗan, suka ji su kaɗai ne, suka sassauta, suka tsaya. Malam Ɗantani ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya juya wa filin baya. Dattawan da ke tare da shi suka miƙe suka yi yadda ya yi. Turai ba ta tashi ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Hajiya Badiyya ta bar kujerarta ta je wurin Sarkin Ruwa, ta rusuna.

"Baba, me muka yi?"

"Tambayi mai rawar, Hajiya," ya ce, bai juyo ba. "An ce daga wurinmu ya samo ta."

Ta koma tsakiyar fili. "Malam Sunusi, me ya sa 'yan rawarka suka ɗaga filafili a nan?"

Sunusi ya san amsar, don an kai masa ita har Ɗangora. Amma in ya faɗe ta, ya yarda da saninsa ya jefa birgi a kan kaburbura. In ya ce bai sani ba, ya yarda rawar ba tasa ba ce. Ya dubi jama'a, ya dubi kofin.

"Murna ce, ranki ya daɗe," ya ce. "Alamar an ga kifi."

Wani gunaguni ya bi taron. Daga cikin mayafi muryar Turai ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Uwata ce a wurin, yaro. Da 'yata. Ba kifi ba ne." Ta sauke mayafin. "A ɗakina aka zana wurin nan da gawayi, kana tsaye. Ka tambayi jikana mene ne a ciki, ya ce ka biyo shi ruwa, ka ce kai sai na randa. Zanen yana nan, ban share ba."

Hajiya Badiyya ta waiwaya. "Ina Hafizu?"

Ya taho yana dogara sanda, mutane na buɗa masa hanya.

"Yaya ka tsara wurin nan?" ta tambaye shi.

Ya sunkuya da ƙyar ya janye birgin daga tsakiya, ya ajiye shi gefe. Ya karɓi filafili daga hannun ɗaya daga cikin samarin, ya tsaya a bakin wurin a kan ƙafa ɗaya da sanda, ya ɗaga shi sama. Samarin Ɗangora suka dubi juna, sannan ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga nasu. Ba ganga, ba motsi. Ana jin ruwa na dukan gaɓa. Dattawa suka juyo. Aka ɗauki sallamar daga inda aka katse ta, aka kai ta ƙarshe, aka shafa. Sai da Malam Ɗantani ya sauke hannunsa sannan Hafizu ya sauke filafilin.

Alƙalai suka keɓe a ƙarƙashin rumfa, ba su daɗe ba. Kafin ta yi wa jama'a magana, Hajiya Badiyya ta zo wurin Hafizu.

"Rawar taka ce, kuma zan faɗa da bakina a nan da rediyo," ta ce. "Amma kofi ba zai zo hannunka ba. Ba ka zo tantancewa ba, ba ka rantse ba. Baɗi ma ba za ka iya shiga da ita ba, don an riga an nuna ta ga taro. Na so a ce akwai wata hanya. Babu."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ka tsara wata."

Ya gyaɗa kai. Ya san ba shi da wata Rafin Marke da zai tsara. Ya je ya miƙa wa Turai hannu, ta kama ta miƙe, ita na dogara shi, shi na dogara sanda.

"Maigida," ta ce, "ashe dai a ƙwaryata za a dama furar."

Suna tafiya Hajiya Badiyya ta karɓi lasifika ta faɗi hukunci. An karɓe nasarar daga hannun Sunusi na Ɗangora, kofi da gurbin karatu sun koma ga wanda ya zo na biyu. An soke sunansa daga gasar, an haramta masa shigarta har abada, an kuma sanar da dalili a rediyo: rantsuwar ƙarya da satar aikin wani. Samarinsa suka ajiye masa filafilansa a ƙasa suka hau mota ba tare da shi ba. Tun daga ranar, daga Bebeji har Doguwa, ba mai ɗaukarsa rawar biki, ba mawaƙin da ke kiransa. Yana Ɗangora yana wanke kayan ciki a rumfar ubansa.